Ambaliyar ruwa: abin da gida zai yi daga bazara har ranar komawa ɗaki

Ruwan da ya mamaye Maiduguri wayewar garin 10 ga Satumba 2024, bayan madatsar Alau ta ɓalle, cikin dare ya shiga Fori da Gwange da sauran unguwannin bakin kogin Ngadda. Na Mokwa a jihar Neja, ranar 29 ga Mayu 2025, shi ma kafin gari ya waye ya share Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, ya kashe mutum fiye da 150. Ambaliya ta fi yin ɓarna a lokacin da ba wutar lantarki, yara na barci, maigida kuma na tsaye a tsakar gida yana jayayya da kansa ko a fita ko a ƙara jira. Duk shawarar da aka bari sai wannan sa'a, da wuya a yanke ta daidai. Saboda haka wannan jagora ta ginu a kan abu ɗaya: a tsai da komai tun ƙasa na bushe, musamman alamar da idan ruwa ya kai ta za a fita ba tare da musu ba.

Wane irin ruwa ne ke barazana ga gidanka?

Ambaliya ba iri ɗaya ba ce, kuma shirin da ya dace da Auyo ba zai yi wa Fagge amfani ba.

Akwai ruwan kogi, mai tasowa sannu a hankali. Shi ne na kwarin Haɗeja, inda ruwan madatsun Tiga da Challawa ke gangarowa ya tarar ciyawar kacala ta toshe hanya, sai ya fantsama cikin Ringim, Miga, Auyo, Kafin Hausa da Guri. Shi ne kuma na Binuwai idan Kamaru ta buɗe madatsar Lagdo da ke kusa da Garwa, ruwan ya bi ta Yola da Numan da Makurɗi har Lokoja, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. Wannan yana ba da kwanaki, wani lokaci mako guda. Wanda ruwan ya cinye, galibi ya ji labarinsa ya raina. Mazauna bakin kogin Kwara su tuna cewa tashinsa biyu ne a shekara: na Agusta da Satumba wanda ruwan sama na kusa ke kawowa, da wanda ke isowa daga Gini cikin hunturu. A Yamai, ma'aunin kogi in ya kai santimita 620 an shiga matakin gargaɗi mafi tsanani, a Satumbar 2020 kuwa sai da ya taɓa 700.

Akwai ruwan kwari, wanda ba ya sallama. Ana tafka ruwa a kan tudu, wataƙila ko ɗigo bai sauka a garinku ba, sai busasshen rafi ya cika cikin mintuna. In akwai kwalbati ko gada da shara da itatuwa suka toshe a sama da ku, ruwan yana taruwa a bayanta har ya fi ƙarfinta, ya sauko gaba ɗaya.

Na uku shi ne na cikin birni, na kwata da lambatu da aka cika da leda, da kududdufin da aka cike aka yi gini a kai. Na huɗu ba ya ma bukatar kogi: marka ce ta kwana uku ko huɗu da ke jiƙa ginin ƙasa har ya zauna. Tsohon masallacin Birni a Damagaram, da ya tsaya tun ƙarni na 19, haka ya rushe a Satumbar 2024.

Hanyar gane naka mai sauƙi ce. Ka tambayi dattawan unguwa inda ruwa ya tsaya a shekarar da ta fi muni, su nuna maka da hannu a jikin bango ko bishiya. Tsofaffin Maiduguri ba su manta da na 1994 ba, kuma hanyar da ruwa ya bi a lokacin ita ya sake bi. Ka fita bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi ka bi sawunsa daga ƙofar gidanka har inda ya ƙare. Sannan ka saurari hasashen damina na NiMet da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya wanda NIHSA, hukumar sa ido kan koguna ta Najeriya, ke fitarwa kafin damina. Jerin ba zai gaya maka layinku ba, amma in sunan ƙaramar hukumarku na ciki, ka ɗauki maganar da nauyi.

Aikin bazara a jikin gida

Fara da lissafi, don mutane na raina yawan ruwan da rufinsu ke zubarwa. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Gida mai rufin mita 10 sau 10, in aka yi ruwa mai milimita 80 a dare guda, ya zubo da lita 8,000, wato jarka 400 mai lita 20. In indararo na zubar da wannan a gindin bango, kai ne kake rushe gidanka. A tsawaita indararo ya wuce bango da aƙalla rabin mita, a sa dutse ko fasasshen bulo inda ruwan ke faɗowa, a ja masa hanya zuwa waje.

Ginin ƙasa ta ƙafa yake mutuwa. Ƙasa na tsotsar ruwa tana hawa da shi sama kamar lagwani, gindin ya yi laushi, nauyin sama ya danne shi. Maganinsa a cika gindin bango da jar ƙasa mai tsakuwa, a daɓe ta sosai, ta gangara waje, faɗin mita ɗaya. Mai hali ya kewaye gindin da dutse ko bulo da siminti, tsawon gwiwa. A kula da wani kuskure da ya zama ruwan dare: shafe bangon ƙasa da siminti tun daga sama har ƙasa. Siminti ba ya kama ƙasa da kyau, yana tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, bango ya ruɓe a ciki alhali fuskarsa na sheƙi. In an riga an yi, a bi shi da ƙwanƙwasawa; inda ya yi ƙarar fanko, a ɓamɓare a gyara. Yaɓe na gargajiya da ake sabuntawa duk shekara ya fi irin wannan siminti aminci.

Rufin soro a hau a duba shi kafin ruwan farko. A cire ciyawa, a toshe ramukan ɓera da na gara, a gyara gangarensa yadda ruwa ba zai kwanta ba. Kada a riƙa ƙara ƙasa kowace shekara ba a rage tsohuwa ba, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya nauyi nesa ba kusa ba, kuma azara ce ke ɗauke da ita duka. A soki kan azara da wuƙa inda ta shiga bango. In wuƙar ta nutse, gara ta gama da ita.

Buhunan yashi na taimakawa, amma yawanci ba a jera su daidai. Ba a cika buhu taf. Rabi zuwa kashi biyu cikin uku ya isa, don ya kwanta ya bi jikin ɗan'uwansa. A naɗe bakin a ƙarƙashinsa, a jera kamar yadda magini ke jera bulo, kowane buhu na danne gaɓar biyun da ke ƙasansa, a tattake kowane layi. A shimfiɗa leda mai kauri ta ɓangaren da ruwa zai zo, a danne ta da buhu sama da ƙasa. In za a wuce layi uku, sai gindin ya ninka tsayin sau uku a faɗi, in ba haka ba ruwa zai ture shi. Iyakar amfaninsa ruwan da bai wuce gwiwa ba. Wanda ya wuce haka, tare shi ma haɗari ne ga bango, saboda ruwa na turawa ta waje kuma babu abin da ke tokare ta ciki.

Masai da rijiya a ɗaga bakinsu sama da inda ruwa ya saba kaiwa, a yi musu murfi mai kamawa. Masai da ya kusa cika a kwashe shi tun bazara. Tsakanin masai da rijiya ana son mita 30, rijiyar kuma ta kasance ta sama.

Yashe kwata aikin gayya ne. Wanda ya yashe ta ƙofar gidansa kaɗai ya tura wa maƙwabcin ƙasa ne, shi kuma ruwan zai dawo masa. A fara daga ƙarshen magudana a hauro, kuma a kwashe abin da aka fitar a ranar. Tulin da aka bari a bakin kwata, ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito.

Hatsi, dabbobi da bokitin takardu

Buhunan hatsi a ɗora su a kan katako ko benci, sama da alamar ruwan da dattawa suka nuna, kuma kada su jingina da bango. Wanda ke zaune a fadama ya raba abincinsa biyu, ya kai rabi wurin ɗan'uwa a tudu tun watan Yuli. Buhun PICS mai leda biyu a ciki na jure danshi da feshin ruwa, amma ba a yi shi don ya kwana cikin ruwa ba. Taki da maganin feshi su hau can sama, nesa da abinci. A yi hattara ta musamman da ƙwayar Phostoxin da ake sa wa wake: da ta sha danshi take sakin iska mai kisa. Kada ta kwana a ɗakin da mutane ke barci ko da rani ne, balle da damina.

Dabbobi su ake fara fitarwa, kwana ɗaya ko biyu kafin mutane, da rana. A shirya tun wuri da mai filin da za a kai su, don kada a tsira daga ruwa a faɗa rigimar ɓarnar gona. In ruwa ya riga ku, a kwance su. Saniya da akuya na iya iyo. Wadda aka bari a turke ce ke mutuwa.

Takardu su shiga leda biyu, a ɗaure, a sa cikin bokitin fenti mai murfi: takardar gida da ta gona, katin ɗan ƙasa, katin zaɓe, takardun makaranta, katin rigakafin yara da na awon ciki. A ɗauki hoton kowace da waya a tura wa wani ɗan'uwa da ke wani gari. Cikin bokitin a ƙara maganin hawan jini ko na ciwon suga na mako biyu, tocila da batir, ashana a leda, sabulu, ƙunzugun mata, usur, da kuɗi a hannu ƙananan takardu, domin in sabis ya ɗauke mai POS ba shi da abin da zai yi maka. Buhu guda kuma a ajiye shi a ɗaure kusa da ƙofa: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sukari, gishiri, dabino, gidan sauro, tabarma, tamfol, da igiya mai ƙwari kamar mita 20. Abincin da ba ya neman wuta ake so, don itace zai jiƙe.

Alamar fita

Wannan shi ne zuciyar shirin. Mutanen unguwa su kafa sanda mai ƙarfi ko ƙarfe a bakin kogi ko babbar magudana, wurin da za a iya haska shi da tocila daga tudu. A yi masa zane duk santimita 10, a shafa fenti kala biyu. Zanen farko na nufin a kwashe dabbobi da hatsi, a kai tsofaffi, marasa lafiya, masu ciki da ƙananan yara tudu. Na biyu na nufin kowa ya fita. Inda ake kuskure shi ne a sa zane na biyu daidai da tsayin dokin ƙofar gidaje. Hanyar fita ake aunawa: a nemo wurin da ya fi kwari a kan hanyarku ta zuwa tudu, domin shi ruwa zai fara yankewa, sau da yawa tun gidajen na bushe. Zane na biyu ya kasance ƙasa da wannan.

Saurin tashin ruwa ya fi tsayinsa muhimmanci. Matasa biyu su riƙa karanta sandar duk awa suna rubutawa. In ruwa na ƙaruwa santimita 10 a awa, saura santimita 60 ya kai zanen fita, to awa shida gare ku. In wannan lissafi ya faɗa tsakar dare, a fita kafin magariba. Kwana ɗaya a makarantar firamare a banza ya fi fita cikin duhu da goyo.

A samu lambar wayar wani a garuruwa biyu ko uku da ke sama da ku a kan kogin, shi ne gargaɗin da ya fi na rediyo sauri. A yarda da sanarwa guda: lasifikar masallaci da kalmomin da kowa ya sani, ko bugun ƙarfe in ba wuta. Mai unguwa ya san gidajen da ke da makaho, gurgu ko tsohuwar da ke kwana ita kaɗai, kowane a ɗora shi a wuyan wani saurayi da sunansa. Malamin tsangaya ya san adadin almajiransa a wannan daren, kuma kada su kwana a zaure ko kangon da ke kwari. Masu kulle su ji daga bakin maigida tun yau cewa in an yi shela su fita da yara ko yana nan ko ba ya nan. Wannan magana ƙarama ce a baki, amma rashin faɗinta na tsayar da mata a gida suna jiran izini.

Mazauna bakin kwari ba su da lokacin karanta sanda. Nasu alamun su ne ruwan rafi ya rikiɗe ya yi ja, ya fara kawo itatuwa da shara, ko a ji ruri daga sama kamar na babbar mota. A nan ba a ɗaukar komai sai yara. A hau gefen kwarin kai tsaye, kada a bi tsawonsa ana tsere da ruwa.

Idan ruwa ya riga ya shigo

A kashe wuta daga babban makunni da busasshen hannu, ana tsaye a busasshen wuri. In sai an taka ruwa kafin a kai gare shi, a bar shi. A cire batirin sola a ɗaga, a rufe tukunyar gas. Kowane yaro a rataya masa leda mai ɗauke da sunansa, sunan mahaifinsa, unguwa da lambar waya. A ƙirga mutane a ƙofa, a sake ƙirgawa a masauki.

Ruwa mai gudu da ya wuce idon sawu, kamar santimita 15, na iya kayar da babban mutum. Santimita 30 na ɗaga ƙaramar mota, 60 na tafiya da babba. Babur da Keke Napep ba a ma maganarsu. Ƙasan ruwan kuma ba a ganinsa: murfin lambatu ya tafi, rijiya ta shafe, kwalta ta zaizaye. In dole ne a ratsa, a sa takalmi mai kama ƙafa, a riƙe doguwar sanda ana dungura gaba, a fuskanci inda ruwan ke fitowa ana tafiya a karkace. Yara a kafaɗa. Ba a ɗaura igiya a ƙugu cikin ruwa mai ƙarfi, don tana iya danne mutum ƙasa. A ɗaure ta a bishiya a riƙe da hannu. Jarka biyu marasa komai, a rufe su gam a haɗa da igiya a ƙarƙashin hammata, na riƙe mutum a saman ruwa. A nisanci turakun lantarki da duk wayar da ta faɗo.

Kwale-kwale na ceton mutane, yana kuma hallaka su in aka cika shi. Kada a haɗa mutane da shanu ko buhuna, kada a tashi da dare, kowa ya zauna. Sawu biyu ya fi sawu ɗaya da ba a kai ba.

Wanda ruwa ya tsare, ya hau ginin siminti mai ƙarfi ko babbar bishiya. Rufin soro ba mafaka ba ne, gindinsa na narkewa a ƙarƙashinka. A kira 112 a Najeriya, a riƙa tura saƙon rubutu don batir ya daɗe.

In an ga wani ruwa na tafiya da shi, a miƙa masa gora ko a jefa igiya ko jarka. Faɗawa a bi shi na mayar da gawa ɗaya biyu. Wanda aka tsamo ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci ana juya shi ƙasa ana matsa cikinsa. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a toshe hanci a hura masa iska baki da baki sau 5, sannan a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi sau 30, a hura sau 2, a ci gaba. Ko ya farfaɗo a kai shi asibiti.

Ruwan sha a masauki

Bayan ambaliya kwalara ce ke biyowa, domin masai da rijiya sun zama abu ɗaya. Duk ruwan da ba a tabbatar da shi ba a ɗauke shi gurɓatacce, har na famfo da na burtsatse da ruwa ya rufe kansa. Kowane mutum na bukatar kamar lita 15 a rana don sha, girki da tsafta.

Mataki biyu ne, kuma ba a tsallake na farko. A fara kwantar da laka: a bar ruwan ya zauna, ko a sa ɗan alif, ko dakakken ƙwayar zogale guda ga kowace lita, a tsiyaye na sama ta cikin tsaftataccen ƙyalle. Wannan ya sa ruwa ya yi haske ne kawai, bai kashe ƙwayar cuta ba. Sai a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa masa kulorin. Aquatabs da WaterGuard, wato kulorin da ake sayarwa don ruwan sha, a bi abin da aka rubuta a jikinsu. In babu sai bilicin wanki irin Jik ko Hypo mai ƙarfin kashi 3.5 cikin 100, marar turare, rabin ƙaramin cokali ya ishi jarka mai lita 20. A girgiza, a jira minti 30. Ya kamata a ji ɗan warin kulorin. In babu, laka ta cinye shi, a maimaita. A bar ruwan cikin jarka a riƙa tsiyayawa. Randa mai buɗaɗɗen baki da kowa ke tsoma moɗa na ɓata aikin cikin awa guda.

Wanda ya fara zawo kamar ruwan shinkafa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, ana kan hanyar asibiti. In babu na leda: lita ɗaya na tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, duka a shafe ba a tula ba. Kada ya fi hawaye gishiri. Yana amai ma a ci gaba da ba shi kaɗan-kaɗan, a zubar da haɗin da ya kwana ya wuni. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. Yaro a ƙara masa ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Kwalara na iya kashe babba cikin awoyi, kuma ƙarewar ruwan jiki ce ke kisan, don haka kada a tsaya neman allura a kemis.

Gidan sauro a ɗaura shi tun daren farko. A hana yara wasa cikin ruwan da ya kwanta, saboda tsargiya da fasassun kwalabe.

Komawa gida

Janyewar ruwa ba ta nufin gida ya zama lafiya. Ginin ƙasa kan faɗi bayan kwanaki, lokacin da samansa ya bushe gindinsa na nan da laushi. Mutum ɗaya ya fara zuwa da rana, da takalmin roba da sanda, ya zagaya ta waje tukuna. Sabuwar tsaga, musamman mai tafiya a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, bango mai ciki, ƙofar da ta ƙi rufuwa, ƙasa na zubowa daga rufi, ko azara na ƙara: ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a hana kowa kwana a ciki har magini ya gani. A dafa gindin bango da babban yatsa. In ya lotsa, a tokare rufin da itace a jira. A buɗe ƙofofi da tagogi iska ta busar da shi a hankali, kada a yi gaggawar yaɓe a kan danshi.

Kafin a taɓa komai a ɗauki hoton ɓarnar, da alamar ruwa a bango, don rajistar da mai unguwa zai kai wa hukumar agajin gaggawa ta jiha ko NEMA.

Macizai ma tudu suka nema, kuma tudun shi ne ɗakinka. A Maiduguri har na gidan namun daji na Sanda Kyarimi ruwa ya kwaso. A ɗaga kaya da sanda, a zazzage takalma da tabarmi. In maciji ya sari mutum, kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da munduwa, a ɗora wa gaɓar itace kamar karaya, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da maganin dafi. Saran kububuwa kan yi kamar ba komai a ranar farko, daga baya jini ya ƙi tsayawa. Wanda ƙusa ko kwano ya yanka, ya wanke da sabulu ya nemi allurar rigakafin sarƙe-haƙora.

A kwashe laka tun tana danye, in ta bushe sai da diga. A wanke daɓe da sabulu, sannan a bi da kofi ɗaya na bilic cikin bokiti mai lita 10. Ba a haɗa bilic da wani maganin wanke banɗaki, yana tada iska mai guba. Kada a mayar da wuta sai mai gyara ya buɗe soket ya ga sun bushe, janareta kuma a waje, nesa da taga.

Rijiya ba a kwashe ta gaba ɗaya rana guda yayin da ƙasar kewaye ke cike da ruwa, bangonta na iya ruftawa. A jira ruwan ƙasa ya sauka, a riƙa ragewa. Kafin mai yasa ya shiga a kunna fitilar ƙwai a zura ta da igiya. In ta mutu, babu iskar shaƙa a ƙasa. Injin ban ruwa a bar shi a sama can gefe, hayaƙinsa na taruwa a rami ya kashe na ciki. Bayan an fitar da laka an wanke bango, a zuba bilic: rijiya mai faɗin mita ɗaya na ɗauke da kamar lita 785 a kowace mita ta zurfin ruwa, wannan kuwa na son bilic kimanin lita ɗaya. A gauraya da guga, a rufe ta kwana, washegari a yi ta ja ana zubarwa har warin ya ragu. Duk da haka a ci gaba da tsaftace ruwan sha a gida na wasu makonni, domin ƙasar da ke ciyar da rijiyar ba ta gama tacewa ba.

Hatsin da ruwan ambaliya ya shiga ya haɗu da najasa da maganin feshi, a haƙura da shi. Wanda danshi kawai ya taɓa, a baza shi a rana a kan tamfol cikin kwana biyu, shimfiɗa marar kauri, ana juyawa. Gwajin bushewa: a zuba hatsin cikin busasshiyar kwalba da busasshen gishiri, a rufe a girgiza, a bar shi ɗan lokaci; in gishirin ya manne a jikin kwalba, a mayar rana. Masara da gyaɗar da suka yi hunhuna na ɗauke da gubar da ke lalata hanta, dafuwa ba ta kashe ta, kuma saniyar da ta ci tana fitar da ita a nono. Kada a ba kaji, kada a kai kasuwa.

Gonar da ruwa ya kwanta a kai ta samu sabuwar laka da danshin da zai daɗe. Wanda ya ajiye iri a tudu na iya bin ruwa yana janyewa da wake mai saurin nuna, kankana ko kuɓewa. A ƙasar firgi ta Borno da Adamawa lokacin dashen masakwa, wato dawar rani, ke nan, a kwarin Haɗeja kuma alkama na shiga ƙasa daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba. Kafin a yi yaɓe ko fenti, a kafa ƙusa a bangon zaure daidai inda ruwan bana ya tsaya, a rubuta shekarar a gefensa. Da shi za a gyara zanen sandar bakin kogi da tsayin bencin hatsi kafin damina mai zuwa.